Rigar da Ka Gani a Barci

'Ya'yana, cikin mafarkan da ake kawo wa irinmu tsofaffi, na tufafi ya fi tayar wa mutane da hankali. Mace za ta wayi gari jiki a sanyaye, ko koko ta kasa sha, don an miƙo mata farin yadi a barci, wata kuma ta ce mata ai likkafani ne. Saurayi ya ga kansa tsirara a tsakiyar kasuwa, a ce masa asirinsa ya kusa tonuwa. Wanda aka naɗa wa rawani kuwa, kafin azahar ya fara hangen ƙofar fada. Fassarorin nan yawo suke yi a bakin mutane, ba mai tambayar tushensu.

Ga abin da ya tabbata. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa an gitta wa Manzon Allah (SAW) mutane a mafarki sanye da riguna, ta wani iyakarta ƙirji, ta wani ta ɗan zarce, sai ga Sayyidina Umar yana jan tasa a ƙasa. Da sahabbai suka nemi fassara, Annabi ya ce addini ne. Ku tsaya a nan ku yi tunani. A farke, namiji ya ja riga a ƙasa don girman kai abin hani ne, amma a barci sai ya zama yabo, alamar addinin da ya lulluɓe mutum har ya yi saura. Ashe abin da ido ya gani ba shi ne fassarar ba. Haka nan an nuna wa Annabi Nana A'isha a cikin ƙyallen alharini kafin ya aure ta. Malaman fassara suka haɗa waɗannan da ayar Suratul A'arafi da ta kira taƙawa tufa, da ta Baƙara da ta kira miji da mata tufafin juna. Shi ya sa riga a wurinsu takan nuna addinin mutum, ko aurensa, ko rufin asirinsa.

To, me ya sa fari ya zama abin tsoro? Annabi ya ce mu sa shi domin yana cikin mafi alherin tufafinmu, mu kuma yi wa mamatanmu likkafani da shi. Shi alhaji yake ɗaurawa a harami, shi muke sawa ran Juma'a. Mun riƙe rabin hadisin, mun saki rabi.

Muhammadu ɗan Sirina, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, fataucin yadi ne sana'arsa, kuma babu sunan da ya kai nasa a fannin fassarar mafarki. Ana ba da labarin mutum biyu da suka zo masa da mafarki iri ɗaya, na kiran salla. Ya yi wa ɗaya bushara da aikin hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowannensu. Littafin da ake sayarwa da sunansa ma, malamai da dama suna shakkar shi ya rubuta. Balle jerin da ake turowa a WhatsApp, ja kaza ne, baƙi kaza ne, ba a san mai mafarkin ba, ba a san abin da ya kwana da shi a rai ba.

Mafi yawan abin da muke gani ma ba ya bukatar fassara. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Wanda tela ya riƙe wa ɗinki ana jibi Salla, da yarinyar da ake haɗa wa lefe, da ɗan Kantin Kwari da ya yini yana auna shadda, in sun ga tufafi a barci, zuciya ce take tuƙa abin da ta ci da rana.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu cin abinci da tsoron bayin Allah. Na ga matar da ta cire 'yan kunnenta na zinari, na gadon mahaifiyarta, ta ƙulle a bakin zane ta kai kasuwa, don wani ya ce mata sai an yanka farin rago an binne yadi a maƙabarta kafin a kau da mutuwar da ta gani. Ta rabu da zinarinta, ta kuma kwashe watanni ba ta runtsawa. Alhali maganin da Annabi ya koyar ko sisi ba a biya: ka yi tofi ta hagu sau uku, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya kwanciya, in ka so ka tashi ka yi salla, kada ka gaya wa kowa. Mafarki mai kyau kuwa, ba a faɗarsa sai ga masoyi ko malami mai tsoron Allah.

In ka ga rigarka ta yage ko ta yi dauɗa, abin kuma ya tsaya maka a rai, duba sallarka, duba bashin da ke wuyanka, duba ɗan'uwan da ka daina gaisarwa. Amma don Allah kada wani ya fasa aure, ko ya saki matarsa, ko ya zargi kishiya ko maƙwabci da sammu saboda tufar da ya gani a barci. Shari'a ba ta gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba.