Tsakanin "Fi" da "-er"

Akwai wani saurayi ɗan Kurfi da ya gama digirinsa a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Ya sa rai da ƙaro ilimi a Jamus, sai dai ba za a ɗauke shi ba sai ya ci jarrabawar Jamusanci, kuɗin da mahaifinsa ya tara kuwa na zama ɗaya ne tak.

Babin kwatanci ne ya tsaya masa a wuya. Bahaushe in zai kwatanta abu biyu, aikatau yake kirawo, watau "fi", ya ce Dutsin-Ma ta fi Kurfi girma (zancen da ba kowane Bakurfe zai so ji ba). Bajamushe kuwa sifar kanta yake taɓawa, ya liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-er", wani lokaci har wasalin ya sauya: "groß" ta koma "größer". Wannan da sauƙi. Wahalar tana zuwa in sifar ta gabaci suna, don sai an ƙara mata wata ɗafa-ƙeyar bisa jinsi da adadi da matsayin sunan a jimla, ga jinsi uku, ga matsayi huɗu. Alal misali, dutsen da ya fi girma "ein größerer Berg" ne, gari "eine größere Stadt", gida kuma "ein größeres Haus". Wannan "-erer" ta hana shi barci.

Wata ranar Juma'a ya kai kuka ga kawunsa, tsohon malamin Hausa wanda bai san ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Tsohon ya saurara, sannan ya ce, "Yaro, faɗi babban dutse." Ya faɗa. "To, kasuwa fa?" Ya ce babbar kasuwa. "Duwatsu fa?" Ya ce manyan duwatsu, sai ya yi shiru, don ya ga tun yana goye yake sauya sifa ta bi suna.

Kawun ya ƙara da cewa Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya bi ta Kurfi a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, da Hausa a bakinsa. "Shi ma ai sai da 'fi' ta ba shi wuya, ina zato."

Daren nan saurayin ya raba shafi gida biyu, dama Hausa, hagu Jamusanci. Saura mako shida jarrabawa.