Da Ledar Auna Jini Zuwa Sakkwato

Daga Kano zuwa Sakkwato tafiyar wuni ce cur, kuma a watan Mayu, lokacin da bazara ta kai iyakar ƙarfinta, ba mai yin ta don sha'awa. Abin da ya tashe mu taron bita ne da aka shirya wa ungozomomi a makon Ranar Ungozoma ta Duniya, wadda ake yi ran 5 ga Mayu kowace shekara. An ba ƙungiyarmu rumfa a harabar taron, aka ce ni da wata abokiyar aikina mu je mu tsare ta. Kayanmu katan-katan ne na ledar auna jini, da mutum-mutumin mai naƙuda da muke koyarwa da shi, da akwatin sanyi, da jarkar ruwa da muka rina ja, da tsofaffin zannuwa da na tattaro a gida.

Bayan sallar asuba muka fita ta Kabuga, muka bi Gwarzo, Dayi, Malumfashi. A Funtuwa direbanmu ya tsaya a bakin tasha, ba don karin kumallo kaɗai ba. Ya tari direbobin da suka taso daga Gusau yana tambayarsu labarin hanya, sai da ya ji daga baki fiye da ɗaya sannan ya tayar da mota. Daga nan har muka wuce 'Yankara muka shiga Tsafe hira ta mutu a motar, kowa ya ja carbi. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana gabanmu aka fara sakin jiki.

Ni kuwa idona yana kan ƙauyukan da ke can nesa da titi. Wanda ya yi aikin ɗakin haihuwa ba ya kallon irin waɗannan garuruwa kamar sauran matafiya. Abin da nake lissafi shi ne: in mace ta haihu a can da ƙarfe ɗayan dare, jini ya ɓalle mata, wa zai fito da mota a wannan hanya kafin gari ya waye? Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Waɗanda suka daure suka je kuwa, yawanci ƙaramin asibitin garinsu suke zuwa, inda babu likita. Ungozomar da ke wurin ita ce komai.

Mun yi azahar a Gusau, muka wuce Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, muka shiga Sakkwato ta Dange da Shuni kafin magariba. Iskar da ke shigowa ta tagar mota ko da yamma zafi gare ta.

Washegari tun da sassafe muka kafa rumfa. Maƙwabtanmu na dama masu sayar da na'urar awon jini ne, na hagu kuma masu bayanin tazarar haihuwa. Can gaba akwai teburin rajista, inda layi ya fi tsawo, domin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ba ta sabunta wa ma'aikaci lasisi sai ya nuna shaidar halartar bitar ƙara ilimi. Ungozomomi sun zo daga ko'ina: Gwadabawa, Illela, Wurno, Goronyo, Tambuwal, Yabo, fararen kaya da hijabai, wasu da goyo a baya. Akwai waɗanda suka kwana a bakin aiki suka wuto kai tsaye, idanunsu sun nuna.

Mai tsaron rumfa a irin wannan taro lokacinsa kaɗan ne. Ana can cikin zaure ana lacca, kai kana zaune kana korar ƙuda. Da an ba da hutun shan shayi sai a yi maka caa, kuma cikin 'yan mintocin nan dole ka faɗi abin da ya kawo ka. Takardu ba sa wannan aikin. Ana karɓa a yi fifita da su. Shi ya sa muka zo da jan ruwan nan. Abokiyar aikina takan auna shi a ɓoye, ta zuba wani a kan zane, wani a kan audugar mata, wani a daɓe, sannan mu ce kowa ta faɗi yawan abin da ta gani.

Nan rumfar ta cika. Ana gardama, ana ɗaga zane ana jin nauyinsa. Mafi yawansu sun faɗi ƙasa da abin da aka zuba, wasu ma kusan rabi. Zanen atamfa mai duhu yana shanye jini ya ɓoye shi, katifa ma haka, abin da ya gangara ƙarƙashin gado kuwa ba a ganinsa sai an zo shara. Wata dattijuwar metiron, wadda kowa ke rusuna mata, ta daɗe tana duban zanen kafin ta faɗi nata. Ita ta fi kowa kusantar gaskiya, amma ita ma ba ta kai ba. Da aka gaya mata adadin sai ta ce, "Ɗiyata, mu da muka taso ana ce muna ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima."

Na ce, "Hajiya, ya sani a kan hatsi. A kan jini kam mudun muke so."

Ta ce, "To, gwada muna mudun naku."

Ledar ba wani abin mamaki ba ce. Shimfiɗa ce da ake sa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito, ana ɗaura ta a ƙugu, ƙasanta kuma aljihu ne mai tsini da aka yi wa layukan awo. Duk jinin da ya fita a nan yake taruwa. Ungozoma tana dubawa kowane minti 15 a awar farko. In ya kai mililita 500, ko ya kai 300 alhali bugun zuciya ya ƙaru ko awon jini ya sauka, ba sauran jira ko shawara. Kuma ba a bin magani ɗaya bayan ɗaya, a ga ko wannan zai yi kafin a gwada wancan, kamar yadda aka koya wa yawancinmu a makaranta. Gaba ɗaya ake yi: a murza mahaifa, a ba da allurar oksitosin, a ba da tiranekzamik asid ta jijiya, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a nemi na gaba.

Wannan tsari shi ake kira E-MOTIVE, kuma na fi jin daɗin bayaninsa fiye da komai a rumfar, domin da hannunmu a cikinsa. An gwada shi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakon a watan Mayun 2023. Inda aka yi amfani da ledar an gano kusan kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini. Inda aka dogara da ido, kusan rabi kawai aka gano. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Wadda ta jagoranci aikin a Nijeriya Farfesa Hadiza Galadanci ce ta Jami'ar Bayero, kuma kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin cikin shawarwarinta. Duk sanda na ambaci sunan Farfesa sai na ga fuskokin 'yan matan nan sun canza. Ba ƙaramin abu ba ne yarinya ta ji cewa 'yar'uwarta Bahaushiya ce ta tsaya a kan binciken da duniya ta karɓa.

Akwatin sanyin da muka ajiye a gefe ya jawo wata maganar. Oksitosin magani ne da ke son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A garin da zafi ke haura digiri 40, kwalbar da ta yi watanni a kan kanta ko a aljihun tebur tana iya rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun canza ba. Da na faɗi haka sai wata ta ce ashe shi ya sa take yin allura biyu, uku, mahaifa ba ta ƙanƙance ba. Wata ta ce firjin da ke wurinsu na rigakafi ne, mai sola, kuma mai riƙe da makullinsa ba ya yarda a sa komai ciki sai allurar yara. Na gaya musu akwai kabetosin mai jure zafi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2018 don rigakafin zubar jini, akwai kuma ƙwayar misofurostol da ba ta bukatar firji. Wannan ta biyun ba baƙuwa ba ce a nan. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba ta har cikin gidaje, tare da man kulohekzidin na shafa wa cibiyar jariri, kuma manyan cikinsu suna tune da lokacin sarai.

Bayan la'asar, ana shirin tashi, wata yarinya ta dawo ita kaɗai. Ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ungozomar karkara ce daga wani gari a gabashin jihar. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce, "Anti, na gane duk abin da kuka ce. Amma ni ɗaya nike kwana aiki. In ina murza mahaifa, wa za ya nemi jijiya?"

Babu takardar da ke rumfarmu da ta amsa wannan. Muka ja mutum-mutumin muka zauna. Muka yi ta gwada yadda za ta sa allurar jijiya tun mace tana naƙuda, ta haɗa magungunan nan a faranti ɗaya kafin a shiga ɗaki, ta koya wa mai shara ko ungozomar gargajiyar da ta rako mai naƙuda yadda ake dafa mara a murza. Hannunta da sauri, kanta a buɗe. Ta maimaita har sai da ta daina duban takarda. Sannan ta yi tambayar da aka yi ta yi mana tun safe, ta baki daban-daban: "To wagga leda, ina za mu samo ta?"

Ledar sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Mun raba duk abin da muka zo da shi, kowa ta samu 'yan kaɗan, waɗanda a asibiti mai cinkoso ba za su kai ƙarshen mako ba. Tiranekzamik asid kuwa, da yawansu sun ce rubuta wa dangi suke yi a je kemis a sayo, alhali amfaninsa yana cikin awa uku na farko bayan haihuwa, kuma kowane jinkiri rage masa ƙarfi yake yi. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har muka naɗe rumfar. Na sha jin manya a taro suna cewa matsalar ungozomominmu ƙarancin horo ne. Matan da na wuni da su ba su yi mini kama da haka ba. Sun bar 'ya'yansu, sun biyo hanyoyin da kowa ya san halinsu, sun koyi abu cikin minti goma. Abin da ke jiransu a wurin aiki shi ne kanta wayam da dare ba mataimaki.

Kafin mu kama hanya da safe mun biya Hubbaren Shehu muka yi ziyara, sannan muka juyo da katan-katan marasa komai. Tun kafin mu kai Gusau saƙonni suka fara shigowa wayata, duk tambaya ɗaya: nawa ne katan, kuma a ina ake sayarwa. Wasu har suna shawarar su yi karo-karo daga albashinsu.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini yana sahun gaba cikin dalilan. Ina roƙon kwamishinonin lafiya na jihohinmu da hukumomin da ke sayen magani su sa ledar auna jini da tiranekzamik asid cikin kayan haihuwa na dole, su ba da umarni a rubuce a buɗe wa oksitosin firjin rigakafi, su kuma daina barin ungozoma ɗaya tal a kwanan aiki. Bai kamata yarinyar da ke karɓar haihuwa ita kaɗai da fitilar waya ta sayi leda da albashinta ba.