Wanda Kuka Haɗa Kujera

Idan aka dawo hutu aka ce wane ya je ƙasar waje, hankalin 'yan aji Dubai yake tafiya ko Saudiyya. Mu 'yan Kazaure da Babura kuwa ƙasar waje a bayan gida take. Ni Damagaram na je wajen goggona, kuma rabin abin da na sani game da garin a mota na samo shi.

Daga Babura aka matse ni tsakanin wata dattijuwa mai fataucin atamfa da wani ɗan lakwal, wato ɗan boko a bakin mutanen Nijar. Muna wuce Babban Mutum layin wayata ya ɗauke. Gabana ya faɗi, don abin da na riƙe kawai shi ne Goggo tana unguwar Birni.

A Magarya mai shayi ya ce kuɗina dala arba'in. Dattijuwar ta dafa hannuna ta ce, "Tsaya ɗana. Dala ɗaya sefa biyar ce, arba'in ɗari biyu ke nan." Darasin lissafin da ya fi yi min amfani a shekarar ke nan, malamanmu su yi haƙuri.

Ɗan lakwal kuwa ɗan musu ne. Ya ce Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, kafin Faransawa su mayar da shi Yamai, don haka in daina yi musu kallon ƙauye. Bayan kwana biyu shi ya zo ya kai ni fadar Sarki, muka hau manyan duwatsun Birni muna hangen gari.

Mun sauka bayan magariba. Inna ba ta wuce gida ba sai da ta bi lungu-lungu tana tambaya, ta damƙa ni a hannun Goggo. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Wani ɗan ajinmu daga Roni ya bi hanyar nan a hutun. Shi da wani mutum aka haɗa shi, wanda tun daga tasha yake zagin shingayen jandarma, yana rantsuwa kowa a can macuci ne. Yaro ya tsorata, ya yi mako guda a ɗaki, ya dawo yana cewa ba komai a Damagaram sai zafi. Masaukinsa a Zango yake, tafiyar ƙafa zuwa fada, amma ko ƙofarta bai gani ba.