Gindin Randa a Lokacin Bazara

Daga ƙarshen Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin Damagaram yakan haura digiri 40. Duwatsun unguwar Birni su wuni suna shan rana, su kwana suna huci. A irin wannan lokaci wuri ɗaya ne yake saura da sanyi a gidan talaka, shi ne gindin randa. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, shi ya sa ruwanta yake da sanyi, yashin da aka girke ta a kai kuma ba ya rabuwa da laima. Kowa ya san wannan. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ba mu kaɗai muke nufar wurin ba. Ɗaga randar da ta daɗe a wuri guda, ka ga kyankyasai suna watsewa, ga layin kiyashi, wani lokaci har da kunama a lafe.

Ƙishirwa ce ke shigo da su, fiye da yunwa. Kyankyaso na iya yin makonni bai ci komai ba, amma rashin ruwa ba ya barin sa ya daɗe. Kunama kuwa tana neman inuwa, tana kuma bin ƙwarin da take ci. Ga shi Damagaram, wato Zinder, gari ne mai tsohuwar matsalar ruwa, har ana ambatar ta cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Yau ma idan ruwan Gogo-Machaya ko na Aroungouza ya zo famfo da tsakar dare, sai mata su tashi su cika duk abin da zai iya riƙe ruwa. Kowane mazubi marar murfi, kowane ɗigo a makwarara, gayyata ce. Shi ya sa nake ganin ɗora randa a kan abin da zai ɗaga ta daga ƙasa, da sauya yashin gindinta, da rufe bakin masai da dare, sun fi kwalbar maganin ƙwari amfani.

Zancen kunama ba na wasa ba ne, tunda zafi na korar kowa zuwa tsakar gida, a kan tabarma, daidai lokacin da take fitowa yawo. Babba yakan sha zafin harbinta ya warke. Ƙaramin yaro kuwa yana iya rasa ransa, kamar yadda mutanen Agadas suka sani sarai. Idan ta harbi yaro, a garzaya da shi likita, kada a tsaya tsaga da ɗauri. Gidan sauron da aka naɗe aka ajiye, don an ga tafkuna sun ƙafe sauro ya ragu, yana da aiki a nan: a ɗaura shi, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Takalmi kuma a kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa da asuba.

Amma rana ba maƙiyiya ba ce ta kowace fuska. Ɗumin cikin ɗaki yana sa kuɗin cizo saurin hayayyafa, zafin fili kuwa idan ya kusa digiri 50 yana kashe shi har da ƙwansa. Iyayenmu da suke baza tabarma da bargo a rana tsaka sun san abin da suke yi. Katifa mai kauri ce kawai zafin ba ya ratsa cikinta, sai an yi ta juya ta, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar katakon gado, a liƙe tsagar bango. Haka wake: a shanya shi sosai, a zuba a buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwada shi. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da guba ba.

Gubar ce ke tayar mini da hankali. Fiya-fiya a kwalbar da ba rubutu, ana yayyafa ta a ɗaki a kulle, a dawo a kwanta da jariri cikin warin. Mafi muni shi ne ƙwayar da ake sa wa hatsi a ma'aji, wadda wasu ke jefawa ƙarƙashin gado don ɓera ko kuɗin cizo. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum yana barci. Wannan ƙwaya ba ta ɗakin kwana ba ce, ko da sau ɗaya, kuma buhun da aka sa ta a ciki bai kamata ya kwana inda yara suke ba.