Mun Daɗe a Gindin Dutse Ba Mu Hau Ba



Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun bi ayarin Azbin, sun taka da ƙafa har Makka, wasu suka yada zango a Sudan ba su komo ba. Kowace irin tafiya muna da sunanta: fatauci, ci-rani, almajirci, ziyara, gudun hijira, kuma kowacce da abin da ake nema a ƙarshenta. Amma a ce mutum ya ɗaura kaya, ya biya kuɗin mota, don kawai ya je ya dubi dutse ya komo hannu rabbana, wannan kam a wurinmu aikin Nasara ne, ko na wanda kuɗi suka yi wa yawa. Ko sunan da muke kiransa da shi, yawon buɗe ido, in dattijo ya faɗe shi sai ka ji da 'yar ba'a a ciki.

Shi ya sa za ka sami ɗan uwanmu ya yi shekara 15 a nan Tamanrasat, abin da ya sani bai wuce unguwarsu, da wurin aikinsa, da masallaci, da tasha ba. In lokacin kasuwar Asihar ya zo ya leƙa, ya gaisa da mutanen Agadas da Tawa, shi ke nan. Duwatsun Ahaggar suna tsaye a kansa safe da yamma, mutane suna tasowa daga Faransa da Jamus da Japan don su gan su, shi kuwa ko sunan ɗaya bai riƙe ba. Ba mu ga laifinsa ba. Wanda ya wuni yana ɗaukar bulo, ko yana tura baro, ba ya kwana da marmarin hawan dutse.

Mu 'yan malaman da ke tara yaran jama'armu da maraice muna koya musu karatu, abin da ya tayar mana da hankali daban ne. Yaran nan da yawansu a nan aka haife su. Larabcin garin nan a bakinsu ya fi namu, wasu suna jin Tamahak, harshen masu ƙasa, Hausarsu ce ma take rarrafe. Duk da haka in ka tambayi yaro ina ne garinsu sai ya ce Matamaye ko Tasawa, garin da bai taɓa gani ba, in kuma aka yi faɗan yara a kan titi a ce masa ya koma ƙasarsu. Can bai san kowa ba, nan kuma an hana shi ya ce nasa ne. Muka ce to, abin da ke hannunmu shi ne mu nuna musu ƙasar da suke ciki, su taka ta da ƙafarsu. Muka kafa adashi, kowace Juma'a kowa ya kawo abin da ya samu, wasu iyaye suka sa hannu, wasu suka ce mun rasa aikin yi.

Fitarmu ta farko Asekrem ce, cikin hutun hunturu. Kilomita wajen 80 ne daga gari, amma kada lissafin ya ruɗe ku: hanyar duk tsakuwa ce da hawa da gangara, sai motar kat-kat, kuma mun ci rabin wuni a kanta. Tamanrasat kanta tana bisa tudu, wajen mita 1,400 sama da teku, shi ya sa zafinta bai kai na In Salah ba. Asekrem kuwa ta haura mita 2,700. Sanyin da muka tarar, jama'a, hunturun Damagaram wasan yara ne. Ruwan da muka bari cikin buta ya wayi gari ƙanƙara, wani daga cikinmu ya yi ta tambaya ko taimama ta halatta. Madugunmu, wani Ba'abzine mai ƙarancin magana, ya gasa mana tagella cikin rairayi da garwashi, ya dafa shayi sau uku kamar yadda aka saba, ya ce mu kwanta da wuri.

Da asuba muka hau sauran tudun da ƙafa. Ba mu iya kwatanta muku abin da muka gani yadda ya kamata. Duwatsu ne baƙaƙe, tsaye cako-cako kamar an kafa tabare, tsofaffin bakunan aman wuta ne da iska ta cinye gefensu ta bar cikin. Rana na ɓullowa sai suka yi ja, sa'an nan suka yi ruwan zuma. Madugu ya nuna mana Tahat, dutsen da ya fi kowane tsawo a Aljeriya, sama da mita 2,900. Yaran da ba sa iya yin shiru minti ɗaya cikin aji, ranar ba mu ji ko tarinsu ba.

A ƙwanƙolin tudun akwai wani ɗan ɗaki na dutse, na wani Bafaranshe mai suna Sharl da Fuko. Da hafsan soja ne, daga baya ya zama fada. Ya zo Tamanrasat a 1905 lokacin tana 'yar ruga, ya gina ɗakin nan a 1911, aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916 a ƙofar ganuwarsa, wadda har yau tana nan cikin gari muna wuce ta kullum. Cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta a 2022. Mun faɗa wa yaran gaskiya, cewa mutumin yana tare da sojan ƙasarsu da suka ci ƙasar nan da bindiga, kuma addininsa ba namu ba ne. Amma akwai abin da ya tsaya mana a rai mu malamai. Mutumin nan ya yi shekara goma yana bin Abzinawa yana rubuta harshensu kalma kalma, har ya bar ƙamus mai juzu'i huɗu, shafi fiye da 2,000, wanda masana ke aiki da shi har gobe. Mu da muke sallah sahu ɗaya da su, muke sayen raƙumi da cuku a hannunsu, nawa ne cikinmu suka iya gaisuwar safe da Tamahak har ƙarshenta? Da muka sauko sai muka roƙi madugu ya rubuta wa kowane yaro sunansa da baƙaƙen Tifinar a bayan littafinsa.

Abalessa ba ta da wahala, ita ma kilomita wajen 80 ce ta yamma, kuma da kwalta. Nan kabarin Tin Hinan yake, matar da Kel Ahaggar suke cewa ita ce kakarsu. A 1925 Turawa suka tone shi, suka sami ƙasusuwan mace da warwaro na zinariya da azurfa a hannuwanta, aka kwashe su, daga baya aka ajiye a gidan tarihi na Bardo a birnin Alje. Abin da ya rage a wurin kangon dutse ne bisa tudu. Wata yarinya ta ce ashe su ma suna da Daurama tasu. Muka ce ta riƙe wannan, ta fi mu iya darasin.

Tafiyar da ta fi cin kuɗi da tsawo ita ce ta Tuwat, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Sai da muka yi shekara guda muna tari. Mun bi hanyar arewa, muka wuce In Ekker inda Faransa ta gwada bama-bamanta na nukiliya a cikin dutse daga 1961 zuwa 1966, har na ranar 1 ga Mayu 1962 ya fasa dutsen ya fito waje. Direba ya nuna mana da baki, bai tsaya ba. Muka ratsa kwazazzabon Arak, a gefen hanya kuma ga tashoshin bututun da ke kawo mana ruwa daga In Salah tun 2011, tafiyar kilomita 750. Yaran da ke barin famfo a buɗe sun ga inda ruwan ke fitowa. Daga In Salah muka yi yamma, ta Awlaf da Raggan, har muka shiga ƙauyukan Tuwat masu jan gini da dabino, inda ruwa ke bi ta ƙarƙashin ƙasa cikin tsofaffin magudanun da suke kira fuggara.

Can kusa da Zawiyat Kunta, kudu da Adrar, kabarin Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili yake. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya ji sunan nan. Mutumin Tilimsan ne, ya zauna Tuwat, ya ƙetare sahara ya bi ta Azbin, ya isa Kano da Katsina wajen 1492, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Shi ya rubuta wa Rumfa littafin nan na yadda sarki zai riƙe jama'a, Tajuddini, kuma Shehu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da rubuce-rubucensa shekara 300 bayan haka. Sharifan Kano daga ɗansa Sidi Fari suke jawo asalinsu. Ya komo Tuwat ya rasu wajen 1504. Shi ma ba mu ɓoye wa manyan yaran ba cewa mutum ne mai zafi, kuma Yahudawan Tamantit sun sha wuya a hannunsa, har malaman zamaninsa suka saɓa a kan abin da ya yi. Malami ba ya koyar da rabin labari.

Da masu kula da zawiyar suka ji muna Hausa, ɗayansu ya tambaya, mutanen Kano? Muka ce maƙwabtansu. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo dabino da madara, ya ba mu labarin zuwan Sarkin Kano na lokacin, Aminu Ado Bayero, a Disamban 2022, sa'ad da Aljeriya ta yi babban taro a kan Shehun. Muna kallon fuskokin yaran. Tun da aka haife su a ƙasar nan, ba mu tsammanin an taɓa jin sunan Hausa aka matsa musu wurin zama sai ranar. A hanyar komowa wani saurayi cikinsu ya ce, Malam, ashe shi ma Shehun ci-rani ya je garinmu? Motar duk ta ɗauki dariya. Muka ce masa ai haka ne, hanyar nan an fi shekara 500 ana hawa da sauka a kanta, kuma da ya isa Kano ba a tambaye shi takarda ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaran da ke zuwa karatu wurinmu sun haura 40, waɗanda suka je Tuwat 9 ne. Kuɗi ba su ne suka hana sauran ba, adashin ya isa ya ɗauki fiye da haka. Takarda ce. Daga nan zuwa In Salah shingayen jandarma ba ɗaya ba ba biyu ba, a kowanne sai an duba kowa, kuma ba mu yarda mu ɗauki ɗan mutane mu je mu rasa amsar bayarwa ba. Akwai yaron da aka haifa a ɗaki, ba a rubuta shi ko'ina ba, yau shekararsa 12, a idon hukuma babu shi a Aljeriya babu shi a Nijar. Ranar tashinmu irinsu suka rako mu tasha, suka taya mu ɗora kaya bisa mota, suka koma gida.

Tun 2023 baƙon da ya zo kallon sahara ta hannun kamfanin yawon buɗe ido yana iya karɓar biza a filin jirgi. Madalla, masu ƙasa suna samun abinci da wannan, madugunmu ma da shi yake riƙe gidansa. Sai dai hanyar da ake bi da su a nuna musu faɗuwar rana, ita ce ake bi da namu cikin kamiyo a yi kudu da su, kilomita 400 zuwa In Gezzam, daga can sai Asamaka. Ba wanda ya manta Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, motarsu ta lalace ƙishirwa ta gama da su, nan suka nufo. Tun ƙarshen 2014 ake ta mayar da 'yan Nijar gida ayari ayari. Ba mu zo yi wa kowa shari'a a shafin nan ba, kowace ƙasa da dokarta, baƙo kuma ba ya fin mai gida sanin ɗakinsa. Abin da muke cewa kawai, rairayin nan ɗaya ne, wani ya biya kuɗi a ɗauke shi hoto a kai, wani kuma a kai ya bar ƙanwarsa.

Saboda haka iyaye, don Allah, ga roƙonmu. Matar da ta tashi haihuwa a kai ta asibiti, a karɓi takardar da ake bayarwa, a adana ta kamar yadda ake adana kuɗin gado. A je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke nan gari a rubuta yaro, mutanen Nijeriya su nemi shugabannin jama'arsu su nuna musu hanya. Wanda rubutun Faransanci ko Larabci ya yi wa wuya ya same mu bayan la'asar, mu cika masa, ba ma karɓar ko dinari. Mun san akwai masu tsoron kusantar kowane ofis, kuma tsoron nasu yana da dalili. Amma yaro yana girma, takardar da ba a nema masa yana shekara ɗaya ba, in ya kai 18 nemanta ya ninka wuya.

Janet ba mu je ba tukuna, inda aka ce akwai zanen shanu da raƙuman dawa a jikin duwatsun Tasili, tun zamanin da saharar nan take da ciyawa da koguna. Iyaye mata kuwa sun kafe a kan Ainu Madi, mahaifar Shehu Ahmadu Tijjani kusa da Lagwat, sun ce in dai ziyara ce su ma da su, kuma sun fi mu zubi a adashin. Da alama su za su ci. In Allah ya kai mu hutun bazara can muka nufa, kwana biyu a mota kafin a isa. Yara 6 daga cikin waɗanda suka rako mu tasha bara, takardunsu sun fito, sunayensu ne a farkon jeri.