Mutum Biyar Sun Isa?

'Yan'uwa ɗalibai, na san da yawa daga cikinmu sun kusa shiga aikin bincike na shekarar ƙarshe, kuma tambayar farko da kowa kan kai wa malaminsa ita ce, "Malam, mutum nawa zan tambaya?" Ni ma na yi ta, na kuma sami amsa, sai dai rabinta kawai na ji.

Aikina shi ne wata 'yar manhaja ta waya don rubuta zubin adashi. Abin da ya sa na zaɓe ta kuwa, a farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira kuɗi suka yi wuya a hannu, na ga yadda gwaggona, wadda ita ce uwar adashin matan layinmu a Unguwar Mu'azu, ta rikice. Wata ta kawo tsaba, wata ta turo ta waya, wata ta ce ta biya ta wurin mai POS, ga littafi guda.

Da na gama haɗa abin, sai malamina ya ce in ba mutane su gwada ina kallo, ya kuma nuna mini abin da Jakob Nielsen ya rubuta a 2000, cewa mutum biyar sun isa. Hujjarsa ta fito ne daga wani lissafi da suka yi da Thomas Landauer a 1993: mai gwaji guda kan ci karo da kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin da ke akwai, saboda haka in an tara biyar za a gano wajen kashi 85. Na shida da na bakwai galibi abin da aka riga aka gani za su maimaita. Wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai, don kuwa ba ni da kuɗin mota. Na kama abokaina biyar a ɗakin kwana, kowa ya latsa, suka nuna mini kurakurai, na gyara, na rubuta cewa gwaji ya yi kyau.

Ranar da na je gida hutu na miƙa wa Gwaggo wayar ina taƙama. Ita ajami take karantawa, boko kuwa sai lambobi. Ta shigar da zubin wata maƙwabciya, saƙo ya fito da rubutun boko cewa an karɓa, ya ɓace kafin ta gama ƙura masa ido.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "abin naka ba ya jiran mutum ne?"

Sai ta sake latsawa. Ni kuwa hankalina na kan tuwo. Ashe zubin ya shiga sau biyu. Ranar kwasa lissafi ya nuna kuɗin da babu su a cikin gwangwani, har wata ta fara gunaguni, ga Gwaggo ta shekara da shekaru tana riƙe amanar mutane ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Allah ya taimake ni ba ta yar da tsohon littafinta ba, da shi aka warware.

Na koma na sake karanta Nielsen, wannan karo har ƙarshe. Ashe shi kansa ya ce in masu amfani da abu iri-iri ne, sai a ɗebo uku ko huɗu daga kowane rukuni, kuma gara a yi ƙananan gwaji sau uku ana gyara a tsakani da a yi babba sau ɗaya. Abokaina biyar kuwa, a wajen wannan aiki, mutum ɗaya ne aka maimaita sau biyar. Mai sayen buhun masara ya fi ni wayo, shi da kan zura hannu har ƙasa don ya san na sama ado ne.

Ko a cikin rukuni guda ma biyar na da sa'a da rashinta. Laura Faulkner ta gwada mutum 60 a 2003, ta riƙa ɗebo biyar-biyar daga cikinsu: wasu biyar ɗin sun gano kashi 99 na matsalolin, wasu 55 kacal. Da ta ɗebo ashirin-ashirin, ba wanda ya gaza 95. Kuma ku ɗauki alƙalami ku gani: matsalar da ke kama mutum ɗaya cikin goma, damar ganinta da mutum biyar kashi 41 ce, sai an kai sha takwas take kai 85. In kuwa matsalar ta taɓa kuɗin mutane ce, ni dai ban yarda da 85 ɗin ba ma. (Masu raba takardar tambayoyi don auna ra'ayin jama'a kada su fake da biyar, nasu lissafin daban ne, can wajen 384 ake magana.)

Na roƙi Gwaggo ta tara mini mata huɗu masu ajami, huɗu masu boko, da tsofaffi uku da ido ya fara yi musu nauyi. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin littafinta na kan cinyarta. Ta biyu da ta karɓi wayar ta tambaye ni ina za ta latsa in mace ta kawo rabin zubi ta ce sauran sai Juma'a. Babu wurin.