Rubutun da ke ɓacewa da zarar an fara rubutu

Duk wanda ya taɓa tashi daga Fakuwa zuwa Kankia ko Kusada don a cike masa fom a shagon kwamfuta ya ga wannan rubutu, ko da bai kula da shi ba. Wasu 'yan haruffa ne masu ruwan toka, kwance a cikin gurbin da za a cike, suna nuna abin da ake so a sa. Da zarar an buga harafin farko, sai su ɓace.

Masu ƙirƙirar manhaja suna son sa saboda yana rage cunkoso a allo, kuma Microsoft ta sauƙaƙa musu sanya shi tun zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001. Amma a 2014 kamfanin Nielsen Norman Group na Amurka, mai nazarin yadda mutane ke amfani da manhaja, ya yi gargaɗin cewa rubutun yana cutarwa, musamman idan shi kaɗai ne ke faɗin sunan gurbi.

Ranar haihuwa ta isa misali. A Nijeriya, 03/04/2006 na nufin 3 ga Afrilu. A Amurka kuwa 4 ga Maris ne. Ma'aikacin shago, ga layi a bakin ƙofa, ga janareta na shan mai, ya buga lambar farko, jagorar ta gudu, ya ƙarasa da abin da ya saba. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, domin duka ranakun biyu suna cikin kalanda.

Batun suna ya fi sarƙaƙiya. Bahaushe yana da sunan yanka da sunan mahaifi, wani kuma ya ɗauki sunan garinsu, kamar Shehu Shagari. Wanne ne na gurbin farko? Bayan an cike, babu abin da ya rage a allo da zai tuna wa mai dubawa tambayar da aka yi. Tun 2021 kuwa JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajista, don haka sunan da ya juye a rana ɗaya yana iya bin ɗalibi har ƙofar jami'a, da takardar rantsuwa a kotu da kuɗin gyara.

Gyaran ba shi da tsada. A rubuta sunan gurbi a samansa, ya zauna daram, misali kuma a ƙasansa da baƙin rubutu mai karantuwa. Wata kuwa a bar mutum ya zaɓe shi da sunansa, Maris ko Afrilu, maimakon buga lamba.